Wasanni na koya wa 'yan mata shugabanci? Amsa ga wata shugabar makaranta

Wata malama da ke shugabantar makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana ta aiko da tambaya. Ta ce tana yawan jin cewa yarinyar da ta yi wasanni tun tana ƙarama ta fi iya jan ragamar jama'a idan ta girma. Tana son ta san ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar, in kuwa akwai, me za ta iya yi da fili ɗaya, ƙwallaye kaɗan da malamin motsa jiki guda.

Malama, akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Gudu da tsalle da bugun ƙwallo jiki suke ginawa. Shugabanci yana zuwa ne daga nauyin da aka ɗora wa yarinya a cikin wasan: ta yanke shawara, a bi shawarar, ta ga abin da ta haifar da idonta, sannan ta tsaya gaban 'yan uwanta ta yi bayani. Inda malami ke yin komai da kansa, yara za su shekara shida suna wasa, su fita da ƙarfin ƙafa da iya bin umarni kawai.

Adadin da aka fi yawo da shi ya fito ne daga wani bincike da kamfanin binciken kuɗi da ba da shawara na EY ya yi tare da espnW, sashen wasannin mata na tashar ESPN, wanda ya nuna kashi 94 cikin 100 na matan da aka tambaya, masu riƙe da manyan kujerun kamfanoni, sun taɓa yin wasanni. Kada ki jingina da shi sosai. Waɗanda suka riga suka kai ne aka tambaya, ba a waiwayi dubban da suka yi wasa ba su kai ko'ina ba. Ƙari a kan haka, gidan da ke iya kai yarinya wajen iyo ko tanis shi ne gidan da ke iya biya mata jami'a, kuma yarinyar da dama can ba ta da tsoro ita ke fara ruga fili.

Hujjar da ta fi nauyi daga Amurka take. A 1972 aka sa hannu kan dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin dokar, 'yan matan sakandare masu wasa a ƙungiyar makaranta ba su kai 300,000 ba, wajen ɗaya cikin 27 ke nan. Zuwa 1978 sun kai ɗaya cikin 4, yau kuma sun haura miliyan 3. Masaniyar tattalin arziki Betsey Stevenson ta lura da wata dama a nan. Jihar da samarinta ke wasa da yawa tun farko, dole ta buɗe wa 'yan mata gurabe da yawa, wadda samarinta ke wasa kaɗan kuwa kaɗan ta buɗe. Bambancin ya zo daga jihar da yarinya ta tashi, ba daga halinta ko arzikin gidansu ba. A binciken da ta wallafa a 2010 ta gano cewa idan cikin 'yan mata 100 aka sami ƙarin 10 masu wasa, ana samun ƙarin kamar 1 da ke zarcewa karatu bayan sakandare, da ƙarin 1 zuwa 2 da ke shiga aiki, har da ayyukan da a da ake ganin na maza ne. Ki lura, tasirin na gaske ne amma ba tsauni ba ne, kuma karatu da aiki ta auna. Shi shugabanci sai an nemo shi a cikin yadda ake tafiyar da wasan.

Ɗauki ƙwallon raga. Mutum shida a kowane gefe, fili mita 18 da 9, raga ta manyan mata mita 2.24, kuma taɓawa uku kawai aka yarda kafin ƙwallo ta tsallaka. Abin da ya fi faruwa da sababbin 'yan wasa shi ne ƙwallo ta faɗi tsakanin yara biyu, kowacce tana kallon 'yar uwarta, kowacce tana jin nauyin ta shiga gaba. Maganinsa ɗaya ne, wata ta ɗaga murya ta ce "Tawa ce!" tun ƙwallo na sama. Wannan ƙaramar kalma ita ce darasin farko. Yarinya ta ɗauki alhaki da bakinta, a bainar jama'a, kafin ta san ko za ta yi nasara. In ta ɓarar, kowa ya gani, kuma bayan daƙiƙa goma wata ƙwallon na tafe, babu lokacin zama a yi kuka. A wasa ɗaya za ta yi irin wannan sau da dama. A aji kuwa tana iya yin zango guda ba ta ɗaga hannu ba, ba wanda ya lura.

Wannan ba yaƙi da kunya ba ne. Kunya da kawaici ado ne, kuma ba wanda ya ce a zubar da su. Abin da fili ke koyarwa shi ne akwai wurin da shiru ke cutar da wasu, kuma mai hankali tana gane wurin. Ko a dandali an san haka: gaɗa ba ta tashi sai an sami mai ba da waƙa, saura su amsa.

Sauran darussan a bayyane suke. Za ta yi aiki da wadda ba sa shiri, domin ita ce a buɗe kusa da raga. Za ta ji gyara a gaban mutane, ita ma ta koyi gyara wata ba tare da cin fuska ba. Za a ci su, ta gaisa da waɗanda suka ci su, ta dawo atisaye ranar Talata.

Wurin da aka fi nuna yadda ake mayar da wannan tsari shi ne Kenya. A unguwar Mathare da ke Nairobi an kafa ƙungiyar wasannin matasa ta MYSA a 1987, 'yan mata suka shiga ƙwallon ƙafa a 1992. Tun farko matasan ne ke tafiyar da gasarsu, kuma ƙungiya na samun maki a teburin gasa idan ta fita sharar unguwa da yashe kwata, kamar yadda take samu idan ta ci wasa. A Kilifi, can bakin teku, ƙungiyar Moving the Goalposts ta fara a 2001 da 'yan mata zalla, takenta kuma "Tunaweza", wato "za mu iya" da Suwahili. Abin koyi a wurinsu shi ne 'yan matan ne masu horarwa, su ne alƙalan wasa, su ne masu taimakon gaggawa, su ne kwamitin fili, su ne kuma masu wayar wa 'yan uwansu kai kan lafiya. Yarinyar da ta hura usur ta ba da hukunci, 'yan kallo suka yi ca a kanta, ta tsaya a kan hukuncinta, ta riga ta ɗanɗana abin da shugabar ma'aikata ke ji ranar da ta ƙi sa hannu a takardar da ba daidai ba.

Yanzu ga filinki. Kada ki fara da ƙwallon ƙafa ta mutum 11 da 11. A irin wannan wasa yara uku ko huɗu ne ke riƙe ƙwallo, mai jin kunya tana iya yawo minti 40 ba ta taɓa ta ba. Ki raba babban fili gida huɗu da toka ko duwatsu masu fenti, kowanne kamar taku 30 da 20, a buga biyar da biyar. Aji mai yara 40 ya ba ki ƙungiya takwas, duka suna wasa lokaci guda. Ƙwallo huɗu sun isa, mai girma lamba 4 ga 'yan aji ɗaya, mai girma lamba 5 ga manya. Idan babu sandunan raga, takalma biyu sun wadatar. A cikin mutum biyar babu maɓoya, kuma kin sami kyaftin takwas maimakon biyu. Ƙwallon raga da ƙwallon hannu su ma suna shiga wannan tsari, ta raga ce ma iyaye suka fi saurin yarda da ita saboda ƙarancin gogayyar jiki.

Atisaye sau biyu ko uku a mako, kamar minti 65 kowanne, da sassafe ko bayan la'asar. Minti 15 na ɗumama jiki, yarinya ce za ta jagoranta. Minti 15 na koyon dabara ɗaya tak, nan ne malami ke magana. Minti 25 na wasa. Minti 10 na ƙarshe kowace ƙungiya ta zauna a da'ira. Wannan zaman shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ne ya fi komai amfani. Tambaya uku ake yi: me muka shirya yi, me ya faru, me za mu sauya ranar Alhamis. Kyaftin ce ke tambaya, kuma ita ce ta ƙarshe da za ta faɗi ra'ayinta, domin in ta fara, saura amin kawai za su ce. A hana kiran suna wajen laifi. "Bayanmu ya buɗe sau uku" magana ce da za a iya gyarawa, "wance ce ta jawo mana" kuwa gaba ce da za ta bi su har ɗakin kwana.

Kowace ƙungiya ta biyar tana da aiki biyar, ba wadda za ta zauna hannu rabbana. Akwai kyaftin, akwai mai kaya da ke karɓa da mayar da ƙwallo da usur tana sa hannu a littafi, akwai mai rubuta sunayen waɗanda suka zo da sakamakon wasa, akwai mai ruwa da akwatin taimakon gaggawa, sai alƙaliyar da za a aro wa wasan wasu idan ƙungiyarta ba ta wasa. A ƙananan azuzuwa a riƙa juya ayyukan duk mako biyu ko uku, ta yadda kafin zango ya ƙare kusan kowacce ta zagaya su. Daga babbar sakandare a koma zaɓe: ƙuri'ar sirri, wa'adin zango ɗaya, kowace 'yar takara ta yi jawabin minti biyu kan abin da za ta gyara.

Sai ki tabbatar kyaftin tana da iko na gaske. Ita ce za ta tsara wa ke tsayawa a ina, ita ke canza 'yar wasa, ita kaɗai ke magana da alƙaliya, kuma minti biyu na farkon hutun rabin lokaci nata ne kafin malami ya buɗe baki. Idan ta yi tsarin da malami ya san zai sa a ci su, ya bar ta, muddin ba wadda za ta ji rauni. Wannan ne ya fi wa malamai wuya, kuma a nan yawancin shirye-shirye ke mutuwa. Malamin da ke tsaye bakin layi yana ihun "buga, ba ta, koma baya" ya ƙwace duk shawarwarin da yara suka zo koyo. Za ki gane filinsa da alama ɗaya: ƙwallo na zuwa, yarinya na waiwayensa. Ki ba shi ƙa'ida a rubuce, cewa lokacin wasa ba ya ba da umarni sai abin da ya shafi lafiya, in an tsaya kuma tambaya yake yi, "me kika gani kafin ki buga?"

Kuskure na biyu shi ne ba gwanar wasa kyaftin don kawai ita ce gwana. Iya cin ƙwallo daban, iya riƙe mutane daban. Sau da yawa wadda ta dace tana baya ko a tsakiya, ita ce ke lura wance ba ta ci abinci ba, ita ce ke raba faɗa a hanyar komawa ɗaki. Akwai kuma haɗarin da makarantun kwana suka sani sarai, na babba ta mayar da muƙami sandar duka. Kyaftin ba ta da ikon horo, ba ta sa tsallen kwaɗo, ba ta aiken ƙanana wanki. Duk wadda ta yi haka a sauke ta a ranar, a gaya wa ƙungiyar dalili.

Gasar gidaje ta shekara, wadda aka saba malamai su shirya yara su yi fareti, ki miƙa rabinta ga kwamitin ɗalibai bakwai. Su tsara jadawalin wasanni, su rubuta wasiƙar gayyata, su kawo kiyasin kuɗin alli da ruwa da kyaututtuka, a ba su kuɗin a hannu, su dawo da rasit da canji. Za su yi kuskuren lissafi, za su haɗa wasa biyu a fili ɗaya. A bar su su warware. Malama ɗaya ta zauna da su a matsayin mai ba da shawara, ba ta da ƙuri'a.

Abin da ke kwashe 'yan mata daga fili shi ne balaga, kuma daidai lokacin da darasin ya fara kama su ke nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato awa ɗaya a rana, maza kuma kashi 78. Yarinya ba za ta ce miki dalili ba, ciwon kai za ta ce. Dalilan kuwa sanannu ne: tsoron jinin al'ada ya ɓata mata kaya a gaban mutane, rashin rigar mama mai riƙe ƙirji wajen gudu, banɗaki mai nisa ko marar ruwa, da idon maza a bakin katanga. Maganinsu ba tsada. Wandon wasa ya zama dogo, mai duhu, mai yalwa, kada a yi fari. A ajiye audugar mata a akwatin taimakon gaggawa inda za a ɗauka ba sai an roƙa ba. Mai ciwon mara ta karɓi usur ko littafi a ranar, kada a tura ta ɗaki, kada kuma a tilasta mata gudu. Wadda ke yawan haki da jiri, ga fari a cikin fatar ido, a kai ta a auna jininta kafin a kira ta raguwa, domin ƙarancin jini ya yi yawa a wannan shekaru.

Batun sutura ya riga ya sami mafita har a matakin duniya. Dokokin ƙwallon ƙafa sun amince da rufe kai tun 2014, hukumar ƙwallon kwando ta FIBA ta bi sahu a 2017, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. A fili a yi amfani da ƙaramin hijabi mai kama kai, marar allura, wanda ake cusa bakinsa cikin riga. Wajen iyaye kuwa, ki kira su tun kafin a fara, ki nuna musu kayan, da filin, da matan da za su kula. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na tseren da Annabi (SAW) ya yi da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata bayan wasu shekaru, yana kwantar da hankalin da yawa daga cikinsu. Alkawarin da za ki ɗauka ki cika shi ne wasa ba zai ci lokacin sallah ko na karatu ba.

Akwai abin da ba a son faɗa amma dole a faɗa. Fili wuri ne da babba ke da iko a kan jikin yarinya da burinta, kuma masu lalata sun san haka. A Amurka, da duk tsarinsu, likitan tawagar wasan alkafura Larry Nassar ya shafe shekaru yana cin zarafin 'yan wasa kafin a ɗaure shi, mata sama da 150 suka yi bayani a kotu a 2018. Ƙa'idar ba ta da sassauci: mace babba tana wurin a kowane atisaye, malami ba ya keɓewa da yarinya a ɗaki ko mota, ba ya tausa, ba ya aika mata saƙo a waya, tafiya gasa sai da mace mai kula. Kuma yara su san wata malama takamaimai da za su kai wa ƙara wadda ba ta ƙarƙashin malamin wasanni.

Raunin da ya fi kama mata fiye da maza a wasannin tsalle da juyi shi ne tsinkewar jijiyar cikin gwiwa. A cikin ɗumama jiki a koya musu sauka a kan ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe, tana kallon yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar kamar minti 20, an gina shi ne don wannan, kuma manyan ɗalibai na iya koyonsa su jagoranta. A sha ruwa duk minti 15 zuwa 20 lokacin zafi. Da azumi a rage zuwa dabara da tattaunawa.

Yara suna buƙatar ganin inda hanyar ke kaiwa, shi ya sa sunaye ke da amfani ko da ba hujja ba ne. Florence Omagbemi ta ɗaga kofin Afirka tana kyaftin ɗin Super Falcons, ta sake ɗaga shi a 2016 tana mai horar da su. Rena Wakama ta zama mace ta farko da ta horar da D'Tigress, tawagar kwando ta matan Najeriya, a 2023, ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, a 2024 kuma ta kai su zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris, matakin da wata tawagar kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa kaiwa ba. Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare a tsere a gasar Olamfik ta 1984, ta zama ministar matasa da wasanni a 2007. Kirsty Coventry, 'yar iyo daga Zimbabuwe, ita aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025. Amma ga 'yar aji ɗaya, 'yar aji biyar da ke horar da ita duk Asabar ta fi duk waɗannan kusa. Ki ware wa kowace ƙungiyar ƙanana babbar ɗaliba ɗaya, a ba ta horon kwana biyu kan dokokin wasa, taimakon gaggawa da yadda ake gyara ba da tsawa ba.

Abu na ƙarshe da ake mantawa: abin da aka koya a fili ba ya bin yarinya zuwa aji da kansa, sai an kira shi da sunansa an ba ta inda za ta sake gwada shi. Wadda ta iya zaman da'ira a ba ta jagorancin rukunin karatu. Wadda ta riƙe kuɗin gasa ta karanta rahoton a gaban taron iyaye da malamai. A ƙarshen shekara kada ki auna shirin da yawan kofi. Ki buɗe littattafan ƙungiyoyi ki ƙirga yara nawa suka riƙe aƙalla aiki biyu, nawa daga 'yan aji uku suka ci gaba da zuwa bayan sun shiga aji huɗu, da atisaye nawa aka yi cikakke ranar da malami bai zo ba. A takardar shaidar kammalawa kuma, maimakon "tana da hali mai kyau", a rubuta abin da ta yi: ta shirya gasar ƙungiya 8, ta yi alƙalancin wasa 12, ta horar da ƙanana 10 tsawon zango biyu.